Wuyan Kapiten

Kwana tara ke nan Latifa ba ta buɗe baki ta yi magana ba.

In an tura mata abinci tana ci, in an ce ta sa takalmi tana sawa, tana zuwa lakwal, wato makaranta, ta dawo. Amma ko "Mama" ba ta cewa. Malamarsu ta rubuto takarda har sau biyu tana tambaya ko wani abu ya faru a gida.

Abin da ya faru yana gaban mahaifiyarta Shamsiya, cikin kwalin ashana, bisa teburin ɗakin girki. Ɗan soja ne da bai kai tsawon yatsa ba, mai shuɗiyar riga da bindiga a kafaɗa. Kansa na gefe guda.

Da rezin aka yi shi, wani ruwa mai kauri da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri. Safwan, wani ɗan Nijar da ke zaune a Lyon, shi ne ya yi masa fenti da hannunsa, har da maɓallan riga. Shekara biyu da suka wuce, bayan rasuwar Bukari mahaifin Latifa, yarinyar ta ɗauke magana kusan wata goma. A wajen taron Sallah na ƴan Nijar a Paris Safwan ya durƙusa gabanta ya ɗora mata sojan a tafin hannu, ya ce, "Sunansa Kapiten. Shi ma ba ya son surutu." Da Kapiten ta fara magana a ɓoye, sannan da uwarta, sannan da kowa.

Daga ranar ne kuma zuciyar Shamsiya ta fara karkata zuwa Lyon.

Sau uku tana gwada liƙa kan da kol mai kamawa nan take. Sau uku yana faɗuwa. Yanzu wuyan ya yi fari fat, ya yi tudu kamar an yayyafa masa gishiri.

"Har yanzu kina bisa abin nan?"

Goggo Huraira ce, ƙanwar mahaifinta, wadda suke zaune tare a wannan gidan bene na Saint-Denis tun da aka yi rasuwar. Ita ce ta sa abin yankan ƙumba ta datse wuyan Kapiten ranar da Latifa ta manta shi bisa kujera.

"Goggo, kin dai ga yarinyar nan."

"Na gan ta. Na kuma gaya miki ban yi don mugunta ba. Ban jefar da shi ba, ban ƙona ba. Kai kaɗai na cire, yadda muka ji malamai na cewa, don mala'iku su shigo mana gida. Ta yi wasa da shi hakanan mana."

"Ba kai, Goggo?"

"Ke ko kunyar ƴar fari ba ki ji. Kullum Latifa, Latifa. Fito, Alhaji Kamalu na salo, ɗakin baƙi, tun ɗazu yake tambayarki."

Shamsiya ta rufe kwalin ta tura a aljihu.

Kamalu na zaune ya harɗe ƙafa, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. A wata babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa yake aiki, kuma tun da ta fita takaba yake zarya. Shi ne ya hau jirgi takanas ya je Lyon ya sanar da Baba Mai Moussa, ƙanin mahaifinta kuma waliyyinta, cewa Safwan sassaƙa gumaka yake yi, duk ƙarshen mako shi da Turawa suna jera su bisa tebur suna jefa ƙwaya irin ta lido. Tun ranar Baba ya ce kada ta ƙara kiran Safwan sai ya gama bincike. Mako biyar ke nan tana biyayya.

"Hajiya Shamsiya, ina wuni? Na ji ƴar tamu ba ta jin daɗi, shi ne na ce bari in kawo mata ƙawa."

Ya zaro wata ƙatuwar ƴar tsana daga leda, mai gashin zinariya da idanu masu buɗewa da rufewa. Ya miƙa wa Latifa da ke rakuɓe a lungun kujera. Yarinyar ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Masha Allah, masha Allah," in ji Goggo. "Ke Latifa, ba ki cewa an gode?"

Shamsiya ta dubi ƴar tsanar, ta dubi Goggo.

"Ita wannan ba ta da kai ne?"

"Ke! Wannan ƴar tsana ce, ta yara. Wancan kuwa soja ne, ƙatti masu gemu ke kewaye shi."

Kamalu ya yi ƴar dariya. "Yara ai mantuwa gare su. Nan da mako guda ta manta. In ma likitan ƙwaƙwalwa ake so, ina da wani sananne a nan Paris, ni zan ɗauki komi."

"Na gode, Alhaji. Allah ya saka." Shamsiya ta dube shi. "Amma ɗiyata ba mantuwa take buƙata ba."

Ta ja hannun Latifa suka shige ɗaki.

*

Da safiyar Asabar ta ɗaure wa Latifa gashi, ta sa mata rigar sanyi biyu, ta zuba burodi da ruwa da kayan canji a jaka. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da carbi.

"Ina zuwa da sassafe haka?"

"Lyon."

"Innalillahi! Shamsiya, Yaya Mai Moussa ya ce in kika taka wajen yaron nan, ya zare hannunsa daga maganarki."

"Na ji, Goggo. Ki yafe mini."

Metro ya kai su tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Sai da jirgi ya ɗaga ta kira lambar da ta yi mako biyar tana kallo ba ta taɓawa. Kalma kaɗan ta faɗa: "Muna zuwa, ni da Latifa. Ƙarfe goma sha ɗaya, tashar Part-Dieu."

Safwan na tsaye a ƙasan matakala suka sauko. Ya rame. Ya durƙusa gaban Latifa kamar ranar farko.

"Madamazel Latifa, ça va? Ina Kapiten?"

Yarinyar ta ɓoye fuska a zanen uwarta.

Shamsiya ta fito da kwalin ashanar, ta buɗe, ta miƙa masa. Ya leƙa ciki. Ta ga yadda fuskarsa ta canza. Sai kuma ya miƙe tsaye, ya mai da hannayensa biyu baya.

"Karɓi mana."

"Ba zan iya ba, Shamsiya."

"Ba za ka iya mi ba? Kai ka ce mini ba abin da ba ya gyaruwa in dai rezin ne."

"Yana gyaruwa. Ni ne ba zan taɓa ba." Ya sunkuyar da kai. "Mako uku da suka wuce Baba ya kira ni gidansa. Ya ce in zaɓa, ko ke ko su. Na rantse da Allah a gabansa hannuna ba zai ƙara taɓa ko ɗaya ba. Na kwashe duka, sojoji ɗari biyu da wani abu, da fenti da kayan aiki, na kai shagon da muke wasa na bar musu. Ya ce zai sa mini ido wata uku. In na cika, zai saurare ni."

Mutane na wucewa da akwatuna suna ture su. Shamsiya ta ji hawaye sun zubo mata, na takaici, masu zafi.

"Wato kowa ya yanke abin da ya ga dama. Goggo ta yanke wuya, Baba ya yanke hukunci, kai ka yanke rantsuwa. Ba wanda ya tuna akwai wata ƴar shekara bakwai a tsakani."

"Don ku na yi."

"Don ni ka yi! Ita fa? Safwan, kwana goma yau ban ji muryarta ba. Ina kwantawa kusa da ita in ji ko cikin barci za ta ce wani abu. Ka san mi ake ji? Na riga na yi wata goma cikin wannan shirun, ba zan iya komawa ba, wallahi ba zan iya ba."

"In na taɓa shi yau, na rasa ki na rasa ta. Kamalu zai samu abin da yake biɗa."

"Ban zo neman aure ba yau. Muryar ɗiyata na zo nema."

Idanunsa suka yi ja. Hannayen dai suna baya.

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta dubi kwalin, ta dubi yatsunta. Shekara shida tana aiki a ɗakin gwajin jini, tana sa allura a jijiyar jarirai.

"To ni zan yi. Ka tsaya bayana ka gaya mini."

Safwan ya gyaɗa kai. "D'accord. Amma ba a ɓoye ba. Zan kira Baba yanzu."

"Safwan!"

"In ya ji daga bakin wani, duk abin da na yi ya tashi a banza."

A gabanta ya kira. Bayan gajeriyar gaisuwa ya faɗi komi, har da sunan titin da shagon yake. Ta ji muryar Baba ta cikin wayar, kalma biyu kacal: "Ina zuwa."

"Daga gidansa sai ya hau bas sannan metro," in ji Safwan. "Muna da kamar minti arba'in."

*

Shagon na cikin wani lungu a unguwar Guillotière. A ɗakin baya akwai manyan tebura da aka yi wa tsaunuka da gidaje na kwali, samari huɗu suna auna tazarar sojojinsu da abin awo. Mai shagon, wani Bature mai furfurar gemu, ya ajiye musu akwatin kayan aikin Safwan da fitilar tebur bai tambayi komi ba.

"Fara da kankare tsohon kol," in ji Safwan daga bayanta. "Da bayan wuƙar, ba da kaifin ba. Kin zuba da yawa, shi ya sa bai kama ba. Kuma wuyan ya murƙushe, babu inda zai zauna. Sai mun yi masa sabo."

Ta kankare. Ta wanke guntayen biyu da sabulu da ruwan ɗumi, ta shanya bisa tsumma.

"Yanzu magagari. Jiƙa shi tukuna, ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu."

"Ba ta da kyau?" Ta juyo da sauri. "Latifa, ja kujerarki can. Can baya. Rufe hanci da gyalenki."

Yarinyar ta matsa, amma idanunta na bisa hannun uwarta.

Sai aka zo huji. Abin hujin kamar biro yake, da bakin da bai fi allura kauri ba, da yatsa ake murza shi. Za a huda gangar jiki, a huda kai, a sa guntuwar waya ta haɗa su. Na jikin ya tafi daidai. Na kan kuwa, abin bai fi ƙwayar wake ba, yana ta sulɓewa.

"Doucement, a hankali. Kar ki danna, bar shi ya ci da kansa. Tsakiya, Shamsiya. Hagu kaɗan."

"Hagunka ko haguna?"

"Ai ɗaya ne, bayanki nake."

Bakin ya zame ya soke ta a babban yatsa. Ta ja tsaki, ta tsotse jinin, ta koma. Ta ji numfashinsa a bayanta, ta san yadda yatsunsa ke murɗa juna don son karɓa.

"In ka ƙara cewa doucement sai na jefa maka abin nan."

"Na yi shiru."

"Kar ka yi shiru! Gaya mini mi zan yi!"

Hujin ya shiga, amma ya kauce gefe kaɗan. Babu lokacin sake wani. Ta yanko guntun ƙarfen maƙale takardu, ta murza wani danƙo mai launi biyu, shuɗi da ɗorawa, har ya koma tsanwa, ta naɗa siririn zobe a gindin wuyan. Ɗigon kol ɗaya a kowane huji.

"Yanzu ɗora kan. Ki riƙe har ki ƙirga sittin, kar ki motsa."

Ta ɗora. Kapiten ya langaɓe kai gefe kamar mai ciwon wuya. Ta cire, ta goge, ta sake. Ya kuma langaɓewa.

"Salamu alaikum."

Baba Mai Moussa na tsaye a ƙofar, da doguwar riga da kwat a sama, da hular Damagaram. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana daidaita ƙarafan injuna a masana'antun Saint-Fons kafin ya yi ritaya. Mutum ne da in ya shiga gidanka ya ga kalanda a karkace, ba ya zama sai ya gyara ta.

Ya dubi teburan, ya dubi sojojin, ya yi a'uziyya a hankali. Ya dubi Latifa. "Amaryata, ba gaisuwa?" Ba ta amsa ba. Ya juya ga Safwan.

"Nuna mini hannayenka."

Safwan ya miƙa su. Ba kol, ba fenti, sai shatin ƙumba a tafin, inda ya yi ta matsewa.

Baba ya kau da kai daga gare shi. Ya tako har gaban Shamsiya, wadda ba ta iya ko durƙusawa ba don tana riƙe da kan.

"Ina kwana, Baba."

"Riƙe gaisuwarki. Ni kika mayar abin wasa? Huraira na can tana kuka a waya. Na ce kar ki zo, kin zo. Kin kwaso marainiyar Allah kin kawo ta ɗakin gumaka. Ɗiyar Yaya ce zaune tana sassaƙa da hannunta! Mi zan ce masa ran gobe?"

"Baba, ka ce masa jikarsa ta daina magana, ni kuma na rasa wanda zai taimake ni." Hawaye na ɗiga bisa teburin. "Ban raina ka ba. Mako biyar ban kira shi ba, ka tambaye shi. In ka ce ba zan aure shi ba, zan haƙura in zauna hakanan, amma Kamalu dai a'a. Wannan kuwa sai na gyara shi, ko za ka yi fushi da ni har abada."

"Ji bakinta! Yaran yanzu, ku zo Turai ku..." Idonsa ya sauka bisa yatsunta. "A karkace yake."

"Na'am?"

"Ku zo Turai ku manta da tarbiyya, babba na magana kuna... Na ce a karkace yake! Wa ya yi wannan hujin?"

"Ni ce."

"A gefe kika huda. Kuma kina ta dannawa, kina jiran ya miƙe da kansa? Kai kuma kana tsaye kana kallo?"

"Na rantse, Baba," in ji Safwan.

Baba ya ja dogon tsaki. Ya laluba aljihun kwat ya zaro tabarau. "Matsa. Ba ni ɗan matsin can. In huji ya kauce, wayar ake lanƙwasawa ta biya bashin... ta cike kaucin. Wannan ko ɗan koyo ya sani."

Ya zauna a kujerarta. Manyan yatsun nan masu kanta suka ɗauki kan Kapiten kamar ƙwai. Ya lanƙwasa wayar kaɗan, ya ɗaga ga fitila, ya ƙara kaɗan. Ya ɗiga kol. Ya ɗora. Kan ya zauna cak, yana kallon gaba.

"Har nawa ake riƙewa?" ya tambaya bai ɗago ba.

"Sittin, Baba."

"To wani ya ƙirga mana."

Shamsiya ta buɗe baki, kuka ya riga ta. Safwan ma ya kasa.

"Un... deux... trois..."

Ƴar siririyar murya ce, a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Latifa ta sauko daga kujera, ta zo ta dafa gwiwar kakanta, idonta bisa Kapiten.

"Quatre... cinq... Kaka, kar ka motsa. Six..."

Shamsiya ta toshe baki da hannu biyu ta zame ƙasa. Samarin teburin can suka daina jefa ƙwaya. Wayar Baba ta hau ƙara a aljihu, ta yi ta yi har ta gaji. Bai motsa ba. Wajen arba'in wani ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin tabaransa ya shige gemu, ba hannun da zai share.

"Soixante!"

Ya saki a hankali. Kan ya tsaya.

"Mama, ya warke! Tonton Safwan, duba, Kaka ya gyara shi!"

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya zaro wayar ya duba. Shamsiya ta hango sunan Kamalu a fuskarta. Ya mai da ita aljihu.

"Kar wanda ya je ya ce Mai Moussa ya halatta abin nan," ya ce da kakkausar murya. "Ban ce ya halatta ba. Cewa na yi a karkace yake."

"Mun ji, Baba."

"Wannan tsanwan na wuya, yaushe yake bushewa?"

"Sai gobe," in ji Safwan. "Sannan a shafa masa fenti, ya zama kamar gyale."

"Ita ta shafa. Kai rantsuwarka na nan." Ya miƙe yana dafa tebur. "Kuma abin nan ba zai koma gidan Huraira ba. Ɗakinta ne, tana da gaskiyarta, ba za a sa ta kwana da abin da zuciyarta ba ta so ba."

Latifa ta ƙanƙame hannun rigarsa. "To ina zai zauna, Kaka?"

Baba ya dubi yarinyar. Ya dubi Shamsiya da ke durƙushe, yatsunta duk danƙo da jini. Sannan ya dubi hannayen Safwan, da suka sake komawa baya.

"Nan Lyon zai zauna, amaryata. Ku ne za ku taso ku same shi." Ya gyara hula ya nufi ƙofa. "Kai kuma, Juma'a bayan an sauko, ka zo mini da manyanka."

A bakin ƙofa ya tsaya. Wani allon sanarwa na rataye a bangon shagon, ya ɗan zame gefe. Ya sa yatsa ɗaya ya daidaita shi, ya fita.